Digirin Shekara Biyu a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ake Kashewa da Abin da Ake Samu

A tsarin ilimin Amurka akwai wani mataki da ke tsakanin takardar kammala sakandare da digirin farko na jami'a, wanda Amurkawa ke kira associate degree, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa digirin shekara biyu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne irin waɗanda iyaye da ɗalibai suka fi yi idan ana maganar kuɗin wannan karatu da amfaninsa. Alƙaluman albashi da na kuɗin makaranta duk na Amurka ne, kuma an ambaci shekarar kowanne domin suna sauyawa.

Mene ne digirin shekara biyu, kuma wa ke bayar da shi?

Takardar shaida ce da ake samu bayan an kammala kwasa-kwasan da suka kai kimanin kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga nauyin kowane darasi da shi), wato rabin abin da ake buƙata a digirin farko na shekara huɗu. Mafi yawan masu bayar da ita kwalejojin al'umma ne, waɗanda gwamnatocin jihohi da na gundumomi ke ɗaukar nauyinsu, kuma galibinsu suna karɓar duk wanda ya gama sakandare ba tare da tsauraran sharuɗɗan shiga ba. Wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a cikin na gwamnati ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka kafa a 1901 da haɗin gwiwar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago na lokacin. Sai dai yaɗuwarsu ta gaske ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dokar 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, kuma kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a samar da irin waɗannan kwalejoji kusa da gidajen jama'a.

Digirin ya kasu gida biyu ta fuskar manufa. Akwai wanda aka tsara domin ya zama rabin farko na karatun jami'a, wanda ake taƙaita sunansa da AA ko AS. Akwai kuma wanda aka tsara domin ɗalibi ya fita kai tsaye ya kama aiki, wanda aka fi sani da AAS, kuma a ƙarƙashinsa ne ake samun fannoni irin su ɗaukar hoton asibiti, gyaran na'urorin masana'antu, kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta da taimakon lauyoyi. Rashin fahimtar wannan bambanci tun a ranar rajista yana jawo wa ɗalibai asarar kuɗi fiye da yadda ake zato.

Shin da gaske ne ƙarin karatu yana ƙara albashi?

Idan aka duba jama'a a dunƙule, amsar ita ce e. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana fitar da alƙaluma duk shekara kan ma'aikata na cikakken lokaci masu shekara 25 zuwa sama. A 2023, matsakaicin abin da wanda bai gama sakandare ba yake samu a mako shi ne dala 708, wanda ya gama sakandare kawai dala 899, mai digirin shekara biyu dala 1,058, mai digirin farko kuma dala 1,493. Rashin aikin yi ma ya bi wannan tsani: kashi 3.9 cikin ɗari ga masu takardar sakandare, kashi 2.7 ga masu digirin shekara biyu, kashi 2.2 ga masu digirin farko.

Matsakaici a nan yana nufin albashin mutumin da ke tsakiyar layi idan aka jera ma'aikata daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, don haka rabin masu takardar suna ƙasa da wannan adadi. Tazarar dala 159 a mako tsakanin mai sakandare da mai digirin shekara biyu tana kaiwa kusan dala 8,300 a shekara. Cibiyar nazarin ilimi da ayyuka ta Jami'ar Georgetown ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa a tsawon rayuwar aiki mai sakandare yana tara kusan dala miliyan 1.6, mai digirin shekara biyu miliyan 2, mai digirin farko kuma miliyan 2.8.

Ta yaya aka san karatun ne ya kawo ƙarin, ba hazaƙar mutumin da ma ba?

Wannan ita ce tambayar da masana tattalin arziki suka daɗe suna kai-komo a kanta. Gary Becker da Theodore Schultz, a shekarun 1960, sun ɗauki ilimi a matsayin jari da mutum ke zubawa a kansa, yana ƙara masa iya aiki, aikin kuma ya ƙara masa albashi. Michael Spence ya zo a 1973 da wata fahimta, cewa takardar shaida tana iya zama alama ce kawai da mai ɗaukar aiki ke amfani da ita wajen gane wanda yake da juriya da basira tun asali, ko da makarantar ba ta ƙara masa kome ba. Domin a rarrabe tsakanin biyun an yi bincike iri-iri, har da kwatanta tagwaye masu kama ɗaya waɗanda ɗaya ya fi ɗaya zurfin karatu, kuma sakamakon ya nuna cewa karatun kansa yana da tasiri na haƙiƙa. Nazarin da George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka tattara daga ƙasashe da dama a 2018 ya nuna cewa kowace ƙarin shekara ta karatu tana ƙara samun mutum da kimanin kashi 9 cikin ɗari.

Game da digirin shekara biyu kuwa, binciken da ya bi diddigin albashin mutum ɗaya kafin ya shiga kwaleji da bayan ya fita ya fi dacewa a dogara da shi. Masu bincike na cibiyar nazarin kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Columbia sun tattara irin waɗannan alƙaluma daga jihohi da dama a 2017, suka sami ƙarin kusan dala 4,600 a shekara ga maza da kusan dala 7,200 ga mata, idan aka kwatanta da waɗanda suka shiga kwaleji ba su kammala ba. Babban dalilin da ya sa mata suka fi cin riba shi ne yawansu a fannonin lafiya.

Nawa ake kashewa?

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan gunduma ya kai kusan dala 4,050 a shekara, a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha kusan dala 11,610, a jami'a mai zaman kanta wadda ba ta neman riba kuma kusan dala 43,350, kamar yadda ƙungiyar harkokin ilimi ta College Board ta wallafa. Jihohi sun bambanta ƙwarai: a California ɗan jiha yana biyan dala 46 ne kan kowane kiredit, yayin da a wasu jihohin arewa maso gabas kuɗin ya ninka wannan sau da yawa. Amma kuɗin makaranta shi ne ƙaramin ɓangare na lissafin. Haya, abinci, mota, littattafai da kuɗin renon yara sun fi shi nauyi ga yawancin ɗalibai, sannan akwai abin da ba a rubuta shi a kowace takardar biya, wato albashin da mutum ya bari domin ya zauna a aji.

To, shekara nawa ake ɗauka kafin kuɗin ya dawo?

Ya danganta da fannin da aka karanta, kuma a nan ne matsakaicin adadi yake ruɗar mutane. A ɗauki misali domin lissafi kawai: ɗalibi ya biya kusan dala 8,000 a shekara biyu, kuma ya bar aikin da a ce zai riƙa samun dala 30,000 a shekara. Jimillar abin da karatun ya ci masa ita ce dala 68,000. Idan ƙarin da ya samu bayan kammalawa bai wuce matsakaicin nan na dala 8,300 a shekara ba, sai ya shafe fiye da shekara takwas kafin ya mai da kuɗinsa. Idan kuwa ya karanta fannin kula da tsabtar haƙora, inda matsakaicin albashi a 2023 ya kai kusan dala 87,500 a shekara, to ya zarce matsakaicin mai sakandare, wanda yake kusan dala 46,700, da fiye da dala 40,000, kuma kuɗinsa zai dawo kafin shekara biyu su cika. Wanda ya karanta koyar da yara 'yan ƙasa da firamare, inda matsakaicin albashi a wannan shekarar bai wuce kusan dala 37,000 ba, yana iya gamawa ya tarar da cewa ɗan'uwansa da bai taɓa shiga kwaleji ba ya fi shi samu.

Takardun ukun nan suna da suna ɗaya, ana iya karɓarsu a dandali ɗaya a rana ɗaya, amma ta fuskar kuɗi babu abin da ya haɗa su. Wannan ba raini ba ne ga malaman ƙananan yara, domin aikinsu na daga cikin mafi muhimmanci, kasuwa ce kawai ba ta biyansu yadda ya kamata. Sai dai wanda zai ci bashi ya yi karatu ya cancanci a faɗa masa gaskiyar lissafin tun kafin ya sa hannu.

Waɗanne fannoni ne suka fi biya?

Fannonin lafiya da na fasaha ne ke kan gaba. Bisa alƙaluman 2023, masu sarrafa na'urar gashin ciwon daji suna samun matsakaicin kusan dala 98,000 a shekara, masu hoton sikanin na asibiti kusan dala 84,000, masu kula da numfashin marasa lafiya kusan dala 78,000, mataimakan masu gashin ƙashi kusan dala 64,000, mataimakan lauyoyi kuma kusan dala 61,000. Jerin da ake yaɗawa yakan sa masu ba jiragen sama umarnin tashi da sauka a sahun farko da kusan dala 137,000, amma wannan yana buƙatar a yi masa sharhi, domin digirin kaɗai ba ya ba mutum aikin: sai ya kasance ɗan ƙasa, ya nema kafin ya cika shekara 31, ya ci jarrabawar hukumar sufurin jiragen sama, sannan ya sami horo na musamman wanda ba kowa ke kai ƙarshensa ba.

Abin da ya haɗa yawancin fannonin da ke biya shi ne lasisi. Idan doka ta ce ba wanda zai taɓa majiyyaci ko ya kunna na'urar hoto sai wanda ya fito daga shirin da aka amince da shi kuma ya ci jarrabawar lasisi, to takardar ta zama ƙofar da ba a shiga aikin sai ta ita, kuma masu riƙe da ita ba su da yawa. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa shiga waɗannan shirye-shirye yake da wuya duk da cewa ƙofar kwalejin a buɗe take ga kowa. Guraben horo a asibiti ƙalilan ne, ana zaɓen ɗalibai bisa sakamakonsu a darussan share fage irin su ilimin sassan jiki da na sinadarai, kuma idan aka haɗa waɗannan darussa da zaman jira, karatun da ake kira na shekara biyu yakan ci shekara uku ko fiye.

Ana iya zama cikakken ma'aikacin jinya da digirin shekara biyu?

Ana iya zama. Tun farkon shekarun 1950, bisa shawarar wata malamar jinya mai suna Mildred Montag ta Jami'ar Columbia, aka fara horar da ma'aikatan jinya a kwalejojin shekara biyu domin cike giɓin da aka samu bayan yaƙi. Wanda ya kammala wannan shiri yana zana jarrabawar lasisi ta NCLEX-RN, wadda ita ce dai mai digirin shekara huɗu ke zanawa, kuma lasisinsu iri ɗaya ne. Matsakaicin albashin ma'aikatan jinya masu rajista a 2023 ya kai kusan dala 86,000, ko da yake wannan adadi ya haɗa masu kowane irin digiri da masu daɗewa a aiki.

Amma iska ta fara sauyawa. Wani babban rahoto na cibiyar nazarin harkokin lafiya ta ƙasa ya ba da shawara a 2010 cewa kashi 80 cikin ɗari na ma'aikatan jinya su kasance masu digirin shekara huɗu, manyan asibitocin birane da dama sun fi son ɗaukar masu wannan digiri, jihar New York kuma ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa sababbin ma'aikatan jinya su samo shi cikin shekara goma da karɓar lasisi. Hanyar da mutane da yawa ke bi, kuma a ganinmu ita ce mafi hikima ga wanda aljihunsa ba nauyi, ita ce a yi shekara biyun, a karɓi lasisi, a kama aiki, sannan a ƙarasa sauran karatun ana aiki, sau da yawa ma asibitin ne ke biyan wani ɓangare na kuɗin.

Ashe ba gara a daure a yi digirin shekara huɗu ba?

A dunƙule digirin farko ya fi biya, da tazarar dala 435 a mako bisa alƙaluman 2023, kuma tazarar tana ƙara faɗi yayin da shekarun aiki suka ja, domin masu digirin farko sun fi samun hawa muƙaman shugabanci. Amma rahoton nan na Georgetown ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na masu digirin shekara biyu sun fi rabin masu digirin farko samu. Saboda haka kwatancen da ya dace shi ne tsakanin fanni da fanni, tsakanin farashi da farashi, da kuma yiwuwar kammalawa ga wannan ɗalibin da ake magana a kansa. Wanda ke da halin shiga jami'ar jiha ya karanta injiniyanci, kuma babu abin da zai tsinke masa karatu, bai kamata ya tsaya a shekara biyu ba. Magidanci mai shekara 35 da iyali a wuyansa kuwa lissafinsa daban ne, domin shekarun da suka rage masa na cin ribar karatun sun fi kaɗan, kuma kowace shekara da ya yi babu cikakken albashi tana taɓa tukunyar gidansa.

Idan na fara a kwalejin al'umma, zan iya komawa jami'a in ƙarasa?

Za ka iya, kuma a takarda wannan ita ce hanya mafi araha ta samun digirin farko. A aikace kuwa mutane kaɗan ne ke kai wa gaci. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga kwalejojin al'umma suna cewa burinsu digirin farko ne, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke komawa jami'a, kuma kusan kashi 16 ne kawai ke samun digirin cikin shekara shida. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne asarar kiredit: ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu, wato sun biya kuɗin darasi, sun ci jarrabawarsa, sannan sabuwar makarantar ta ƙi lissafa shi.

Wasu jihohi sun yi wa matsalar magani da doka. Florida tun 1971 take ba mai digirin AA tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar, California kuma ta ƙirƙiro irin wannan tabbaci a 2010 ga masu shiga jami'o'in jiha. Digirin AAS shi ne ya fi fuskantar cikas, domin darussansa na sana'a ba su da takwarori a manhajar jami'a. Duk mai niyyar ci gaba ya nemi ganin rubutacciyar yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejinsa da jami'ar da yake hari tun a zangon farko, kada ya dogara da maganar baka.

Mene ne babban haɗarin da ke cikin wannan jari?

Barin karatu a tsakiya. Daga cikin waɗanda suka fara a kwalejojin gwamnati na shekara biyu, waɗanda ke samun kowace irin takardar shaida cikin shekara shida ba su kai rabi ba. Ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya fi jawo haka ba. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban ba sa karatu na cikakken lokaci, galibi suna haɗawa da aiki, da yawansu iyaye ne, kuma lalacewar mota ko sauya lokacin aiki ya isa ya sa mutum ya ajiye zango ɗaya, zangon ya zama shekara. Wanda ya bari a tsakiya ya kashe kuɗi da lokaci, wataƙila ya ci bashi, amma ba shi da lasisin da zai ɗaga albashinsa. Shi ya sa ake ganin abin da kan ba mutane mamaki a alƙaluman bashin karatu, cewa masu ƙananan basuka, waɗanda galibinsu ba su kammala ba, sun fi masu manyan basuka kasa biya.

Yaya batun makarantu masu zaman kansu da ke tallar koyar da sana'a cikin gaggawa?

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina. Akwai kamfanoni masu neman riba da ke bayar da digirin shekara biyu a fannoni iri ɗaya da na kwalejojin gwamnati, amma da farashin da ya ninka sau da yawa, kuma mafi yawan kuɗin daga bashi da tallafin gwamnati yake fitowa da sunan ɗalibi. Kamfanin Corinthian Colleges ya durƙushe a 2015, ITT Technical Institute kuma ya rufe a watan Satumba na 2016, duk bayan tuhumar da hukumomi suka yi musu ta yaudarar ɗalibai kan samun aiki da kan karɓuwar kiredit ɗinsu a wasu makarantu. A 2022 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian kusan 560,000, da dala biliyan 3.9 ga na ITT kusan 208,000. An yafe bashin, amma ba wanda ya mayar musu da shekarun da suka ɓata. Ba duk makarantu masu neman riba ne haka ba, sai dai idan mai ɗaukar ɗalibai yana kiran waya safe da yamma yana cewa gurbi zai ƙare gobe, wannan kaɗai ya isa ya sa a ja da baya a bincika.

Akwai tallafi, ko dole sai an ci bashi?

Ga ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, matakin farko shi ne cike takardar neman tallafi ta FAFSA, wadda kyauta ce. Ta ita ake samun tallafin Pell, wanda ba a biya, kuma mafi girmansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 shi ne dala 7,395, adadin da ya zarce matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma. Jihar Tennessee ta kafa shirin da ke cike sauran kuɗin makaranta ga waɗanda suka gama sakandare a 2014, jihohi da dama kuma sun bi sahu da nasu sharuɗɗan, ko da yake yunƙurin Shugaba Obama na 2015 na mai da abin na ƙasa baki ɗaya bai tsallake majalisa ba.

Bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6 a wuyan fiye da mutum miliyan 40, yana ɗauke da kuɗin ruwa, kuma kotu ba ta cika sauke shi ba ko da mutum ya karye. Ga iyalan Musulmi da ke guje wa kuɗin ruwa, wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa kwalejin al'umma ta fi dacewa, domin da tallafi da aikin gefe da tsarin biya kashi-kashi ana iya gamawa ba tare da an karɓi ko kwabo na bashi ba.

Ɗalibin da zai taso daga Nijeriya ko Nijar ko Ghana, shi ma lissafin haka yake gare shi?

A'a, nasa ya bambanta sosai. Ɗalibin waje ba ya samun tallafin Pell ko bashin gwamnatin tarayya, yana biyan kuɗin makaranta na baƙi wanda yakan ninka na ɗan gunduma sau biyu ko uku, kuma kafin a ba shi takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi na aƙalla shekara ɗaya. Bizar F-1 ta taƙaita aikinsa ga cikin harabar makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu. Bayan kammalawa yana iya samun izinin aiki na wata 12 a fanninsa, amma ƙarin wa'adin da ake ba masu fannonin kimiyya da fasaha sai mai digirin farko zuwa sama, haka ma bizar ƙwararru ta H-1B. Ma'ana, albashin da aka ambata a sama na masu izinin zama da aiki ne, kuma kuskure ne iyali su sayar da gona ko gida bisa tunanin cewa shekara biyu za su kai ɗansu ga wannan albashi. Ga ɗalibin waje, amfanin kwalejin al'umma shi ne rage tsadar rabin farko na digirin shekara huɗu.

Shin daidai yake da difloma ta ND da ake yi a kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya?

Sun yi kusa ta fuskar tsawon lokaci da manufa. ND shekara biyu ce bayan sakandare a ƙarƙashin kulawar hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, kuma ana bin ta da shekara guda ta sanin makamar aiki kafin a shiga HND, haka ma BTS da DUT a Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa shekara biyu ne bayan bakaloriya. Bambancin yana ga kasuwar aiki. A Nijeriya ƙorafin fifita mai digirin jami'a a kan mai HND wajen matakin albashi da ƙarin girma ya daɗe ana yinsa, alhali a Amurka mai ɗaukar aiki a asibiti ya fi duba lasisi fiye da sunan makarantar. Wanda ya tafi Amurka da ND kuma yake son a lissafa masa ita sai ya kai takardunsa ga kamfanonin tantance takardun waje irin su WES, kuma hukuncin ƙarshe kan kiredit nawa za a karɓa yana hannun makarantar da zai shiga.

Koyon sana'a a hannun ƙwararru bai fi ba, tunda ana biyan mai koyo?

Ga wasu sana'o'in ya fi. Mai koyon aikin lantarki ko na famfo a ƙarƙashin shirin da gwamnati ta yi wa rajista yana karɓar albashi tun ranar farko, albashin yana ƙaruwa kowace shekara, kuma bayan shekara huɗu ko biyar yana fita babu bashi. Matsakaicin albashin masu aikin lantarki a 2023 ya kai kusan dala 61,600. Matsalar ita ce guraben ba su da yawa, kuma aikin yana cin jiki. Wasu shirye-shiryen suna haɗa biyun, mai koyo ya yi darussan aji a kwalejin al'umma ya fita da takardar sana'a da digirin shekara biyu tare.

Me ya kamata a bincika kafin a yi rajista?

Da farko a tabbatar cewa makarantar tana da amincewar hukumar tantancewa da ma'aikatar ilimi ta yarda da ita, sannan a tabbatar cewa shi kansa shirin yana da amincewar hukumar sana'ar, domin makaranta tana iya zama halattacciya amma ɗalibanta na wani fanni ba su da damar zana jarrabawar lasisi. A nemi sanin kashi nawa na waɗanda suka fara shirin ne suka kammala, da kashi nawa suka ci jarrabawar lasisi a zaman farko. A fannin jinya hukumomin jihohi suna wallafa wannan adadi ga kowace makaranta. Manhajar College Scorecard ta ma'aikatar ilimi, wadda tun 2019 take nuna albashi da bashin waɗanda suka kammala fanni-fanni a kowace makaranta, tana ba da damar kwatanta kwaleji biyu da ke gari ɗaya. Daga nan sai a duba tallace-tallacen guraben aiki na yankin da za a zauna, domin albashin mai hoton asibiti a California ba ɗaya yake da na Mississippi ba, kuma idan yawancin masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun rubuta cewa sai mai digirin farko, to a sa kuɗin ƙarin shekara biyun a cikin lissafi tun yanzu.